Tsohon DNA a lakar tekunan ƙanƙara: tambayoyi da amsoshi ga mai shirin binciken bayan digiri na uku

Waɗannan amsoshi an tsara su ne domin wanda ya kammala digiri na uku, ko yake dab da kammalawa, kuma yana tunanin karɓar aikin bincike na shekara biyu ko uku kan tarihin rayuwar tekunan Aktik da Antaktika ta hanyar tsohon DNA. A jami'o'i ana kiran irin wannan matsayi fosdok. Wanda ba masani ba ne ma zai iya bi, domin an fara daga tushe.

Wane irin DNA ne wannan, kuma yaya aka yi ya shiga laka?

Duk abin da ke rayuwa a teku yana zubar da DNA: ƙwayoyin filanktan (ƙananan halittun da ke yawo a ruwa) da suka mutu, kashin ƙananan dabbobi, ɓawon da suka saɓe, majinar jikin kifi. Mafi yawansa bakteriya ke cinye shi tun yana saman ruwa. Ɗan abin da ya tsira yana nutsewa tare da dusar da ke gangarawa ƙasan teku, ya manne a jikin yumɓu da sauran ƙananan duwatsu, sabuwar laka ta rufe shi. Mannewar nan ita ce ke ceton sa, domin sinadaran da ke narkar da DNA ba sa samun damar kama shi da sauƙi idan yana liƙe da ma'adani.

Abin da ake samu bayan dubban shekaru gutsattsari ne. DNA rubutu ne da haruffa huɗu, A da C da G da T, kuma na halitta mai rai yana da tsawon miliyoyin haruffa. Na laka kuwa yawanci bai kai haruffa 100 ba, da yawa suna tsakanin 30 zuwa 70.

Me ya sa aka fi mayar da hankali kan tekunan ƙanƙara?

Dalili biyu ne. Na farko, sanyi. Ruwan da ke kwance a ƙasan waɗannan tekuna yana kusa da digiri 0, babu hasken rana, kuma a cikin laka iskar oksijin tana ƙarewa bayan ɗan zurfi. DNA ba ya samun wurin ajiya da ya fi wannan a teku.

Na biyu, buƙata. Tauraron ɗan Adam ya fara auna faɗin ƙanƙarar teku a kai a kai ne daga 1979. A wannan ɗan lokaci an ga ƙanƙarar Aktik ta yi ƙasa zuwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 3.4 a Satumbar 2012, ta Antaktika kuma ta sauka zuwa kimanin miliyan 1.8 a Fabrairun 2023. Shekara arba'in da 'yan kai ba su isa a san yadda kifi da filanktan ke amsa irin wannan sauyi ba. Amma duniya ta riga ta yi gwajin da kanta: ta fita daga zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wanda ya kai ƙololuwa wajen shekara 21,000 da suka wuce, ta shiga zamanin ɗumi na yanzu shekara 11,700 da suka wuce, kuma kafin nan akwai wani zamanin ɗumi tsakanin shekara 129,000 zuwa 116,000. Laka ta riƙe labarin waɗannan lokuta.

Ai an daɗe ana karanta laka da madubin ƙara girma. Me DNA ya ƙara?

Madubi yana ganin mai ƙoƙo ne kawai. A cikin ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya, dayatom na da ƙoƙon silika, foraminifera na da na alli, wasu dinofilajelet suna barin kwanso mai tauri. Sauran halittun teku, waɗanda su ne mafi yawa, jikinsu taushi ne, ba sa barin komai. Phaeocystis antarctica, wadda ke mamaye Tekun Ross a lokacin bazara, ba ta barin ƙoƙo. Haka kiril, ƙaramin jatan landen da fengwin da manyan dabbobin Tekun Kudu suka dogara da shi. Ko masu ƙoƙon ma ba duka ke tsira ba: silika mara kauri tana narkewa kafin ta isa ƙasa, alli kuma yana narkewa a ruwa mai zurfi da sanyi, shi ya sa foraminifera ke da wuyar samu a wurare da yawa kusa da Antaktika.

Akwai kuma alamomin sinadari, kamar IP25 da aka gabatar a 2007, wani maiƙo da wasu dayatom na ƙanƙarar Aktik ke samarwa. Yana da amfani ƙwarai, sai dai abu guda yake faɗa. DNA yana iya nuna dayatom da masu cin su da masu cin masu cin su daga cokali ɗaya na laka. Duk da haka, wanda ya ce DNA ya maye gurbin madubi bai yi adalci ba. Aiki mai ƙarfi shi ne wanda ya haɗa ƙidayar ƙoƙo da sinadari da DNA daga zurfi ɗaya, domin inda suka saɓa da juna nan ake gane raunin kowanne.

Shekara nawa baya ake iya kaiwa?

A teku, binciken Linda Armbrecht da abokan aikinta da aka wallafa a 2022 ya samu DNA na halittun ruwa mai kimanin shekara miliyan 1 a Tekun Scotia da ke kusa da Antaktika, na dayatom kuma har zuwa kimanin shekara 540,000. A tudu, tawagar Kurt Kjær da Eske Willerslev ta samu mai shekara miliyan 2 a Kap København da ke arewacin Girinland, a shekarar dai. Waɗannan su ne iyaka. Yawancin ayyukan fosdok suna tsayawa cikin shekara 20,000 zuwa 130,000 na baya, inda DNA ke da yawan da zai amsa tambaya.

Yaya ake ciro lakar?

Da bututu ake soka ƙasan teku a zaro laka a miƙe kamar sanda, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. Na'urar da ke sauke gajerun bututu da yawa lokaci guda tana ɗauko kusan rabin mita na sama ba tare da ta dama shi ba, kuma wannan saman yana da muhimmanci domin da shi ake kwatanta abin da ke cikin ruwa yau da abin da ya isa laka. Bututu mai nauyi da ake saki ya nutse da kansa yana kawo 'yan mitoci. Mai fistan yana kawo gommai. Abin da ya wuce haka sai jirgin haƙa. Jirgin JOIDES Resolution ya kasance yana ciro sanda mai tsawon mita 9.5 a kowace suka, a yanka ta gida-gida na mita 1.5. Da shi aka yi balaguro na 382 zuwa Tekun Scotia a 2019, balaguronsa na ƙarshe a shirin haƙar ƙasan teku na ƙasa da ƙasa, wato IODP, kuma shi ne na 403 zuwa mashigin Fram na Aktik a 2024. Sauran jiragen da aka saba jin sunayensu su ne Polarstern na Jamus, Kronprins Haakon na Norwe, Investigator na Ostireliya, da S.A. Agulhas II na Afirka ta Kudu.

Zaɓen wuri ya fi zaɓen bututu muhimmanci. A tsakiyar teku laka tana taruwa 'yan santimitoci ne a shekara 1,000, tsutsotsi da sauran mazauna ƙasa kuma suna cakuɗa kimanin santimita 10 na sama. Idan wurin yana tara santimita 2 a shekara 1,000, cakuɗawar nan ta haɗe shekara 5,000 wuri guda, kuma babu dabarar ɗakin gwaji da za ta raba su. A nemi kwarurruka da mashigan ruwa inda laka ke zuba da sauri. A kwarin Adélie na gabashin Antaktika, misali, zamanin ɗumi na yanzu kaɗai ya tara laka mai kaurin kimanin mita 170. A guji gangaren da laka ke zaftarewa da wuraren da tsaunukan ƙanƙara ke karce ƙasa.

Yaya ake ɗibar samfuri ba tare da an gurɓata shi ba?

A nan ne ayyuka da yawa ke lalacewa, tun kafin a kai ga ɗakin gwaji, kuma ba a gane hakan sai bayan watanni.

Gefen sandar laka gurɓatacce ne. Ya goga jikin bututu, ya jawo laka daga sama zuwa ƙasa, ya sha ruwan teku na yau wanda ke cike da sabon DNA na ainihin halittun da ake nema. Don haka daga tsakiya ake ɗiba. Mai ɗibar yana sa rigar da ta rufe jiki duka, da takunkumi, da safar hannu biyu, yana canza ta waje a kowane samfuri. Ana goge teburi da kayan aiki da bilic, a bi da barasar gwaji. Ana kankare fuskar lakar da abin kankara mai tsabta, a sake kankarewa da wani sabo, sannan a soka sirinji mai cin mililita 5 da aka yanke wa baki a tsakiya, a bar aƙalla santimita ɗaya tsakaninsa da bango. Ana fara ɗiba daga tsohuwar laka zuwa sabuwa, domin ta sama ta fi DNA yawa nesa ba kusa ba, ɗan ɗigonta zai rinjayi ta ƙasa. Samfurin yana shiga jaka mai tsabta, ya wuce firiza mai digiri 20 ko 80 ƙasa da sifili nan take.

Ana barin ƙaramin bututun gwaji a buɗe a kan teburi lokacin aiki domin ya kama abin da ke cikin iska, ana kuma shafo jikin bututun haƙa a ajiye. A jirgin haƙa ana zuba wani sinadarin alama a ruwan da ake turawa cikin rami, daga baya a auna ko ya kai tsakiyar sanda. Idan ya kai, samfurin nan ba abin dogaro ba ne.

Masu nazarin DNA su fara ɗiba kafin kowa ya taɓa sandar. Wannan magana ce da ake kammalawa da shugaban balaguro tun ana tudu, domin a cikin jirgi kowa na jiran rabonsa.

Za a iya amfani da tsofaffin sanduna da ke ajiye a rumbu?

Za a iya, da taka-tsantsan. Rumbunan IODP da ke Bremen da College Station da Kochi suna ajiye sanduna a kimanin digiri 4, an tsaga su biyu, hannaye da yawa sun taɓa su. A wannan yanayi fumfuna da bakteriya suna ci gaba da girma. Don tambaya kan dayatom ko kifi ana samun sakamako mai kyau idan aka yi zurfin kankarewa, domin dayatom na teku ba ya tsiro a cikin firji. Don tambaya kan bakteriya ko fumfuna kuwa, a haƙura da su. Kafin a gina aikin shekara biyu a kan irin wannan sanda, a gwada samfuri 5 zuwa 10 daga sama zuwa ƙasa a ga ko akwai abin kamawa.

Wane irin ɗakin gwaji ake buƙata?

Ɗaki na musamman da ba a taɓa ninka DNA a cikinsa ba, a gini dabam ko aƙalla sashe dabam da inda ake PCR, wato dabarar ninka DNA zuwa kwafi masu yawa. Iskarsa tatacciya ce, kuma matsinta ya fi na waje, ta yadda idan an buɗe ƙofa iska fita take yi. Ana kunna fitilar UV bayan aiki. Doka ɗaya ba a karya ta: wanda ya shiga ɗakin PCR yau ba ya shiga ɗakin tsohon DNA sai ya yi wanka ya canza kaya, yawanci sai gobe. Bututun PCR guda yana ɗauke da biliyoyin kwafi, samfurin laka kuwa ƙila 'yan ɗaruruwa ne na abin da ake nema.

Yaya ake fitar da DNA daga lakar?

Ana ɗaukar giram 0.25 zuwa giram 10, gwargwadon hanya. Matakan uku ne: a saki DNA daga jikin ma'adani da cikin kwanso, a kama shi, a wanke shi. Jiƙa laka cikin sinadarin EDTA na dare guda yana sakin DNA a hankali. Girgiza ta da ƙananan duwatsu yana fasa kwanso masu tauri, amma idan ya yi yawa yana ƙara daddatsa abin da dama a daddatse yake. Daga nan sai a kama DNA da silika cikin ruwan ɗauri mai yawa, dabarar da ta samo asali daga aikin Dabney da abokansa na 2013 kan tsofaffin ƙasusuwa. Kayan kasuwa na ƙasar gona, irin PowerSoil, suna da sauƙi kuma suna wanke datti da kyau, sai dai an ƙera su ne don dogon DNA, kuma suna iya zubar da gajerun gutsattsarin da su ake nema.

Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce ruwan da ya fito ruwan kasa. Launin nan na ruɓaɓɓen tsiro ne, kuma yana hana sinadaran ninkawa aiki. Ana gane shi ta hanyar zuba DNA sananne cikin samfurin a ga ko ya ninku a kan lokaci. Maganinsa a rage yawan lakar, ko a tsinka ruwan, ko a ƙara wanki, kowanne kuma da asarar da yake jawowa. A kowane rukuni na fitarwa ana sa bututun fanko aƙalla ɗaya, wanda ke bin duk matakai ba tare da laka ba, domin su kansu sinadaran kasuwa suna zuwa da DNA na bakteriya a cikinsu.

Wace hanyar karatu ta fi: alama guda, karatun gaba ɗaya, ko kamu?

Tambayar bincike ce ke zaɓa.

Hanyar alama guda tana ninka wani ɗan yanki da PCR, misali yankin V9 na jerin DNA da ake kira 18S, mai kimanin haruffa 130, ko guntun rbcL mai haruffa 76 na dayatom. Tana da araha, ana iya yin ɗaruruwan samfura, kuma tana kai wa ga sunan jinsi a wasu rukunai. Rauninta babba ne: gutsuren da bai kai tsawon yankin ba ba zai ninku ba, saboda haka tana fifita DNA mafi tsawo, wato mafi sabunta ko na gurɓata. Sannan tana share bakin gutsuren, inda shaidar tsufa take. Ana maimaita PCR sau da yawa ga kowane samfuri, a yarda da abin da ya bayyana fiye da sau ɗaya.

Karatun gaba ɗaya yana ɗaukar duk abin da ke cikin ruwan, a liƙa wa kowane gutsure hannaye biyu, wato gajerun jerin haruffa a bakinsa, da lambar shaida, abin da masu aikin ke kira laburare, a ba injin karatun DNA na Illumina. Yana adana tsawo da baki, don haka ana iya tabbatar da tsufa. Amma mafi yawan abin da injin zai karanta na bakteriya ne ko wanda ba a san mai shi ba. Cikin karatu miliyan goma ko ashirin na samfuri guda, ɗan kaso kaɗan ne zai zama na filanktan da dabbobi. Laburaren igiya ɗaya, wanda Gansauge da Meyer suka bayyana a 2013, ya fi kama gutsattsari mafi gajarta da lalacewa, kuma ya cancanci wahalarsa a laka mai tsufa sosai.

Kamu yana tsakiya: ana ƙera ƙugiyoyin RNA da suka dace da halittun da ake so, a zuba cikin laburare, a jawo su da maganaɗisu tare da abin da suka kama. Yana ƙara rabon abin nema, bakin gutsure kuma yana nan. Sai dai abin da ba a ƙera wa ƙugiya ba ba zai zo ba. Idan jinsi guda ake bi, kamar dinofilajelet ɗin ƙanƙara Polarella glacialis, akwai PCR na ɗigo-ɗigo da ke ƙirga kwafi kai tsaye.

Tsari mai ma'ana shi ne a yi karatun gaba ɗaya mara zurfi a kan samfura kaɗan tukuna, abin da ya fito ya nuna inda za a zuba kuɗi.

Ta yaya ake tabbatar da cewa DNA ɗin tsoho ne?

Wannan ita ce tambayar da mai duba maƙala zai fara yi, kuma fagen ya dogara a kanta.

Shaida ta farko gajarta. Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, lalacewar baki. Da tsufa, harafin C da ke bakin gutsure yana sauya sinadari, injin ya karanta shi T. Idan aka jera gutsattsarin a kan DNA na jinsin da aka sani, sai a ga wannan sauyi ya yi yawa a harafin farko, yana raguwa zuwa ciki. Manhajoji irin mapDamage da PyDamage da metaDMG da HOPS wannan suke aunawa. Ana buƙatar ɗaruruwan gutsattsari na rukuni guda kafin zanen ya fito sarai, shi ya sa sau da yawa ana iya tabbatar da tsufan dayatom gaba ɗaya amma ba na kifin da ya bayyana da gutsure bakwai ba. Kada a wanke lalacewar da sinadarin UDG gaba ɗaya idan ana son wannan shaida.

Ta uku, lalacewar ta ƙaru da zurfi. Ta huɗu, abin da aka samu kada ya kasance a bututun fanko. Ta biyar, ya yi ma'ana: DNA na kaza ko alkama ko ɗan Adam a lakar Antaktika daga kicin ɗin jirgi ko hannun ma'aikaci ya zo.

Akwai tarko biyu da lalacewar baki ba ta warwarewa. Bakteriya da yawa suna raye a cikin laka har zurfin ɗaruruwan mitoci, DNA ɗinsu na yau ne ko da lakar ta shekara dubu ɗari. Sannan DNA na iya zama tsoho na gaske amma ba na wurin ba: igiyar ruwa, ko tsaunin ƙanƙara, ko kogunan Saiberiya da ke zuba a Aktik sun kawo shi daga wata tsohuwar laka. Maganin wannan yana hannun masanin laka, wanda zai duba girman ƙwayoyi da hoton cikin sandar ya nuna inda aka samu zaftarewa.

A kwamfuta fa, ina ake yin kuskure?

Matakan farko sanannu ne: a cire hannayen da aka liƙa da fastp ko AdapterRemoval, a haɗe karatun gaba da na baya, a zubar da kwafi masu maimaituwa da jerin haruffa marasa sarƙaƙiya, a zubar da duk abin da bai kai haruffa 30 ba domin yana iya dacewa da komai bisa tsautsayi.

Babbar matsalar rumbun bayanai ce. Yawancin halittun tekunan ƙanƙara ba a karanta cikakken DNA ɗinsu ba. Idan mai gutsuren ba ya cikin rumbu, manhaja za ta ba shi sunan ɗan'uwansa mafi kusa, ko da a ruwan zafi yake zaune. Idan kuma aka taƙaita rumbun ga halittun da ake so kawai, gutsattsarin bakteriya za su rasa gida su faɗa kan kifi. Don haka a yi amfani da rumbu mai faɗi, a haɗa da na musamman irin PR2 da SILVA, a tsaya a matakin dangi idan shaidar jinsi ba ta isa ba. Duk wani sakamako mai ban mamaki a buɗe shi da hannu a ga ko gutsattsarin sun bazu a jikin DNA na jinsin ko sun taru a wuri ɗaya. Taruwa wuri ɗaya alamar ƙarya ce.

Yawan karatu yana nufin yawan halitta?

A'a. Kaso ne, kuma idan ɗaya ya hau dole wani ya sauka ko da yawansa bai canza ba. Wasu dinofilajelet suna da kwafin 18S masu yawan gaske a ƙwaya guda, masu kwanso kuma sun fi isa ƙasa da rai. A kwatanta rukuni guda da kansa daga zurfi zuwa zurfi, da lissafin da aka tsara don kaso.

Yaya ake sanin shekarun kowane zurfi?

Awon shekaru da dalma 210 yana aiki a kimanin shekara 100 zuwa 150 na sama. Kabon 14 yana kaiwa wajen shekara 50,000, amma a nan akwai wahala: ruwan Tekun Kudu tsoho ne, halittar da ta mutu yau tana iya auna fiye da shekara 1,000, kuma wannan gibi ya sha canzawa a baya. Ga shi ƙoƙon alli da ake aunawa ba ya samuwa, idan kuma aka auna lakar gaba ɗaya tsohon kabon da ƙanƙara ta niƙo daga tudu yana ƙara mata shekaru. Bayan iyakar kabon ana dogara da tokar aman wuta, da sauyin oksijin a ƙoƙo, da juyewar maganaɗisun duniya, wanda na ƙarshensa ya faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Kafin ka karɓi aiki ka tambaya ko sandar tana da jadawalin shekaru da aka kammala. Idan babu, rabin lokacinka zai tafi a jira.

Me aka gano zuwa yanzu?

A Tekun Scotia, kason dayatom cikin DNA na halittu masu cikakkiyar ƙwaya ya tashi daga ƙasa da kashi 10 zuwa kusan kashi 50 cikin ɗari wajen shekara 14,500 da suka wuce, lokacin da ƙanƙarar Antaktika ta yi babbar zuba. A gaɓar Kamcatka da ke gabashin Rasha, aikin Heike Zimmermann da abokan aikinta na cibiyar Alfred Wegener, wanda aka wallafa a 2023, ya bi kimanin shekara 20,000 ya nuna sauyi daga tekun ƙanƙara mai dayatom da ƙananan jatan lande da dangin kifin kod zuwa teku buɗaɗɗe mai siyanobakteriya da salmon da herin. A Tekun Girinland, Stijn De Schepper da tawagarsa sun nuna a 2019 cewa DNA na Polarella glacialis, wadda ke rayuwa a cikin ƙanƙara, yana tsira a laka kuma zai iya zama alamar ƙanƙarar dā.

Yaya ake raba shekara biyu?

Watanni uku na farko na takardun izini ne, da karɓo samfura, da gwajin hanya a kan 'yan kaɗan. Fitarwa da laburare na samfura 60 zuwa 100 suna cin kusan rabin shekara, domin a ɗakin tsabta rukuni ƙanana ake yi kuma ana layi. Cibiyar karatu tana iya riƙe samfura makonni. Nazarin kwamfuta ya fi kowane mataki cin lokaci, kuma shi aka fi rainawa a takardar neman tallafi. A ware kuɗin sake karatu, domin zagaye na farko kusan kullum yana nuna samfuran da ke buƙatar ƙari. Ɗanyen bayani yana zuwa rumbun bayanai na ENA ko SRA, har da na bututun fanko, bayanan laka kuma PANGAEA.

Kada aikin ya rataya a kan balaguron da ba a yi ba tukuna. Ƙanƙara da guguwa da lalacewar inji suna soke tashoshin ɗibar laka, wani lokaci tafiyar baki ɗaya.

Wace ƙwarewa ake nema? Dole sai na shiga jirgi?

Ba dole ba ne, da yawa suna aiki da samfuran da wasu suka ɗebo. Abin da ake nema ƙafa uku ne: hannu mai tsabta a ɗakin gwaji, iya aiki da Linux da R ko Python a babbar kwamfuta, da fahimtar teku da laka. Da wuya a samu mai ukun duka. Mai biyu da ya nuna shirin koyon na uku yana da dama sosai. Wanda ya fito daga nazarin ƙwayoyin cuta ko DNA na muhalli ya riga ya mallaki rabin kayan aikin.

Ina ake samun gurbi da tallafi?

Cibiyoyin da suka yi suna a fagen sun haɗa da Alfred Wegener a Jamus, NORCE a Bergen, jami'ar Tromsø, jami'ar Kofanhegan, cibiyar nazarin teku ta Sopot a Folan, da IMAS a Tasmaniya. Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai a buɗe yake ga ɗan kowace ƙasa, na wata 12 zuwa 24, bisa sharaɗin kada mutum ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin wata 36 na baya. Gidauniyar Humboldt tana ba da wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara 4 da digiri na uku ba, tana kuma da shirin Georg Forster na 'yan ƙasashe masu tasowa. SCAR, hukumar kimiyya ta binciken Antaktika, tana tallafa wa gajerun ziyarori, APECS kuma ƙungiya ce ta matasan masu binciken yankunan ƙanƙara da ke yaɗa sanarwar guraben aiki. A tuntuɓi mai masaukin baƙi watanni kafin ranar rufewa, da tambaya guda takamaimiya da sunan sandar da za ta amsa ta.

Wannan yana da alaƙa da Afirka ta Yamma?

Yana da ita. Lakar da aka ciro daga gaɓar Senegal ta nuna, a binciken Stefan Mulitza da abokansa na 2008, cewa lokutan da tsaunukan ƙanƙara suka malala cikin arewacin Atlantika suka raunana zagayen ruwansa sun zo daidai da fari mai tsanani a yankin Sahel. Abin da ke faruwa da ƙanƙarar arewa yana taɓa damina.

Ita ma hanyar tana tafiya, ko da yake zafi yana cin DNA da sauri, tarihin da ake samu a ƙasashen zafi gajere ne. An karanta DNA na tsirrai na kimanin shekara 5,000 daga lakar tafkin Sélé a Jamhuriyar Benin. Wanda ya koyi aikin a lakar Aktik zai iya juya shi ga tafkuna da bakin kogunan yankin, muddin ya samu ɗakin tsabta da firizar da wutarta ba ta yankewa.

Me zan tambaya kafin in sa hannu?

Ina samfuran suke yanzu, wa ya ɗebe su, da wane tsari, kuma a wane sanyi aka ajiye su tun daga jirgi? An ɗauki bututun fanko a fage? An taɓa karanta ko da samfuri biyar an ga lalacewar baki? Jadawalin shekaru ya kammala, kuma wa ke da ikon wallafa shi? Kwana nawa a wata za ka samu a ɗakin tsabta, nawa aka ware don karatu, kuma akwai wurin ajiya da ƙarfin kwamfutar da zai ɗauki manyan rumbunan bayanai? A ƙarshe ka nemi a rubuta maka wace maƙala ce za ka jagoranta, da abin da za ka iya tafiya da shi na bayanai da ragowar samfura idan kwangilar ta ƙare.